Toshewar Basirar Malam

Ranar da kalmar cokali ta ɓace mata, cokalin yana hannunta.

Ta tsaya a kicin tana kallonsa. Ta san da shi ake cin abinci, ta san mazauninsa a kwando, ta ma san wannan ne mai lanƙwasasshen wuya wanda mijinta ba ya so. Sunan ne kawai ya fice, kamar baƙon da ya tafi bai yi sallama ba. Ƙanwar mijin, wadda kowa a gidan yake kira Auta, ta leƙo ta same ta a haka.

"Anti, gaisawa kuke yi da cokalin, ko addu'a kike tofa masa?"

"Cokali," ta ce a hankali. "Na gode."

Auta ta kwashe da dariya, ta tafi kai rahoto falo.

Mijin nata mutum ne da gari ya sani da murya. Kowace Lahadi da yamma yakan yi shiri a gidan rediyo kan zaman iyali: haƙuri, tausayi, kula da mai rauni. Mata na kuka a kan maganarsa, direbobi na rage gudu don kada su rasa jimla ɗaya. Kowa Malam yake ce masa, har uwar da ta haife shi. Yadda ake haɗa shirin kuwa mai sauƙi ne. Ranar Laraba sai ya shigo ƙaramin ɗakin baya, ya cire hula, ya yi zirga-zirga hannuwa goye a baya, can ya tsaya ya jefo kalma ɗaya: "Amana. A yi mini wani abu a kan amana." Sai ya fita. Ita kuma ta zauna a teburin da ke bakin taga ta cika takardu. Ranar Juma'a ya karanta, ya matsar da waƙafi ɗaya daga nan zuwa can, ya ce, "Yanzu ya zauna." Idan baƙi suka yaba, yakan ce, "Malama ma takan ɗan taya ni gyare-gyare." Shi kaɗai ke kiranta Malama, kuma ya san yadda ake faɗinsa ya zama zagi.

Da damina ta yi zazzaɓi. Zazzaɓin ya tafi, amma ya bar wani abu a madadinsa, kuma abin ya ƙi tashi. Ba gajiyar da barci ke wankewa ba ce. Takan farka da safe jiki kamar an kwana ana kirɓa shi. Hasken taga ya soke mata ido, ƙarar murfin tukunya ta ratsa ta har haƙori. Mafi muni shi ne kan. Tana cikin magana sai komai ya ɗauke ɗif, ta tsaya da rabin jimla a baki, ba ta san inda ta fito ba balle inda za ta.

Malam ya kai ta asibiti, domin shi ba mutum ne da za a ce bai kai matarsa asibiti ba. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙirji, aka auna duk abin da ke aunuwa. Likita ya juya takardun ya ce, "Jininki ya fi nawa kyau." Sannan ya ƙara da cewa akwai ciwon gajiya da kan biyo bayan zazzaɓi, wanda gwaji ba ya nunawa, kuma babban abin kiyayewa shi ne kada ta wuce iyakar ƙarfinta, don duk abin da ta ƙetare a yau jikin zai karɓe shi gobe ko jibi. Malam yana amsa waya a lokacin da aka faɗi wannan kashin. Kashin farko dai ya ji shi da kyau, ya kuma kawo shi gida cikakke.

"Lafiyarta ƙalau, Hajiya. Likita da bakinsa."

Hajiya, mahaifiyarsa, tana zaune a kujerarta ta falo da carbi a hannu. Ta dubi surukar tata tun daga ɗankwali har silifa.

"Ai na faɗa. Mu da muka haihu da safe muka ɗora tukunya da yamma, ba mu san wannan ciwon ba. Ciwon 'yan boko ne, 'yar nan. Ciwon da ke jin tsoron tsintsiya amma ba ya jin tsoron katifa."

"Hajiya, likitan ya ce in na wuce..." Kalmar ta gaba ta ƙi zuwa. Ta tsaya baki buɗe.

"In kin wuce ina? Kin gani ko, ƙaryar ma ta gaji."

Abin da ya fi ba su hujja shi ne ranakun sauƙi. Wani lokaci takan tashi kai a washe, jiki da ɗan dama. Don murna sai ta wanke kayan da suka taru, ta goge kicin, ta kira ƙawarta a waya har a ji dariyarta daga tsakar gida. Ranar ba abin da ke faruwa. Washegari ma ta ɗan lallaɓa. Sai jibi abin ya sauko mata gaba ɗaya, ta kasa ɗaga kofi zuwa baki. Mutanen gidan ba su taɓa haɗa wankin shekaranjiya da kwanciyar yau ba. Wankin suka riƙe, da dariyar.

"Shekaranjiya wa na ji yana ƙyaƙyata dariya a waya?" in ji Auta, tana tsaye a kanta da hannu a ƙugu. "Aljanar gidan ce? Ciwon nan naki, Anti, yana da kalanda. Ranar hira ba ya zuwa, sai ranar aikin Yaya."

Ranar Laraba Malam ya cire hula, ya yi zirga-zirgarsa, ya ce, "Jinƙai."

Ta zauna. Ta rubuta layi ɗaya, mai kyau ma kuwa. Ta fara na biyu. A tsakiyarsa aka kashe fitila a cikin kanta. Ta koma ta karanta layin farko, haruffan suna nan da hannunta, amma ba su ce mata komai ba, kamar rubutun wata ƙasa. Ta matsa, ta ƙara matsawa, zufa ta keto mata, zuciya na bugawa kamar ta hau bene da gudu. Da la'asar ya dawo ya tarar da layi ɗaya da rabi da mace kife a kan tebur.

Ya ɗaga takardar da yatsu biyu.

"Wannan ne aikin yini?"

"Malam, ba ya zuwa. Wallahi ina nema, ba ya..."

"Malama, ni ba yaro ba ne. Mutum ba ya manta rubutu kamar ya manta makulli. Yajin aiki kike yi. Faɗi buƙatarki mu ji. Sunanki kike so a faɗa a rediyo, duniya ta ce matata ke ba ni magana a baki?"

Ba ta taɓa neman haka ba. Shi ne dai ya daɗe yana jin tsoron ranar da za ta nema, har ya gaji da jira ya nema a madadinta, ya kuma ƙi.

Ta roƙe shi abu ɗaya: a bar ta ta kwanta a ɗakin baya, a saki labule, a rage ƙarar talabijin. Ɗakin nesa yake da titi, ba ya jin hayaniya. Ta ce ko na ɗan lokaci ne, wataƙila kan ya dawo.

Aka yi zaman shawara a falo, ba da ita ba. Hajiya ta ce duhu ne ke kiwon lalaci. Auta ta ce ta ji a wani shiri cewa motsa jiki maganin kowace cuta ne. Malam, da yake shi ne mai ilimin gidan, ya tsara abin dalla-dalla. Da safe za a kulle ɗakin kwana, makulli a hannun Auta, sai bayan magariba a buɗe. Za a yaye labulayen gidan duka, haske ya shiga. Cefane ya koma hannunta, kuma a ƙafa, don jini ya gudana.

"Don ke muke yi," ya ce, da irin muryar da yake rufe shiri da ita. "Wata rana za ki gode mana."

Ta je cefanen. A rana ta farko ta dawo da komai. A ta biyu ta tsaya gaban mai kayan miya ta kasa tuna abin da ya kawo ta, har mutumin ya jawo mata benci ya ce, "Zauna, baiwar Allah, kafin ki faɗo mini a kan tumatir." A ta uku ta zauna a kan matakalar wani shagon ɗinki, a titin da ta yi shekaru tana bi, ta rasa ko dama za ta yi ko hagu. Matar tela ce ta gane ta, ta rako ta har ƙofa.

"Kin ga abin da kika jawo mana?" in ji Auta bayan matar ta tafi. "Yanzu unguwa za ta ɗauka ba ma ba ki abinci."

Tun da ɗaki a kulle yake, sai ta koma kwanciya a dandaryar siminti tsakanin firji da bango, ta rufe fuska da mayafi. Nan ne wuri mafi duhu da ya rage a gidan. Hajiya takan wuce ta ce, "A dai yi a hankali, kada a taka marar lafiyar Malam."

A gidan rediyo kuwa an fara maimaita tsofaffin shirye-shirye. Lahadi ta farko ba wanda ya kula. Da aka ci gaba, masu sauraro suka fara bugo waya suna cewa wannan haƙurin ai sun ji shi bara. Malam ya ga ba makawa, ya sayi sabon biro mai tsada, ya shiga ɗakin baya ya rufe ƙofa. Ya rubuta, "Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum." Ya ja layi a ƙarƙashi. Ya sha shayi. Ya sake rubuta shi a sabuwar takarda, da hannu mafi kyau. Har aka kira azahar jama'a masu sauraro ba su sami komai bayan sallama ba.

Wani abokin aikinsa ne ya cece shi. Da Malam ya yi masa ƙorafin cewa kwanan nan in ya zauna rubutu ba abin da ke fitowa, sai mutumin ya dafa kafaɗarsa cikin girmamawa ya ce, "Malam, ai wannan toshewar basira ce. Manyan marubuta kaɗai take kamawa. Ƙananan ba su da abin da zai toshe."

Ba a taɓa ganin mutum ya dawo gida da ciwo cikin farin ciki irin na ranar ba.

"Toshewar basira," ya sanar a falo, ya zube a kujera ya dafe goshi. "Ƙwaƙwalwa ce ta yi aiki fiye da kima. Sai an yi hattara."

Hajiya ta saki carbi. "Innalillahi! Na daɗe ina faɗa, wannan kan naka ba ya hutawa. Me likita ya ce?"

"Ba ciwon da gwaji ke nunawa ba ne, Hajiya."

"Ai su ne miyagun," in ji Hajiya. "Waɗanda ba a gani."

Kafin magariba an gyara ɗakin baya. Auta ta ɗauko labule mai kauri, ɗaya daga cikin waɗanda aka yaye, ta rataya. Aka shigar da katifa da fanka. Aka kashe talabijin, Hajiya da kanta ta koma magana da raɗa. Aka kafa doka: ba buga ƙofa, ba jan kujera, ba tambayar Malam komai, don tambaya tana gajiyar da ƙwaƙwalwa. Duk abin da Malama ta roƙa aka hana, an same shi a gidan cikin yini ɗaya, ba a ko je kasuwa ba.

Ita aka ɗora wa kai masa shayi, tunda ba ta da aikin yi.

"Ki riƙa ɗaga ƙafa, Anti," in ji Auta cikin raɗa mai kaifi. "Wannan jan silifan naki yana shiga masa kai. Ba ki san ciwo ba ne, shi ya sa."

Ranar wata Alhamis da hantsi ta kai shayin. Ɗakin da sanyi, da duhu, da shiru. Jikinta ya gane wurin kafin ita. Ta ajiye ta juya.

"Zauna," ya ce.

Ta tsaya.

"Zauna mana. Nan, a kan katifa. Jingina." Har filo ya tura mata. Muryar ba ta falo ba ce, ta rediyo ce, mai taushi. "Na yi tunani a kwanakin nan. Ban taɓa tambayarki ba. Wannan abin da ke damunki, yaya yake? In ya zo, me kike ji? Faɗa mini a hankali, ina sauraro."

Tun damina take jiran wannan tambayar daga bakin kowa, ko da mai gadi ne. Ta san abin da dogon bayani zai ci mata, ta san jibi za ta biya. Amma ta ga ƙofa ta buɗe, ta tattara duk ɗan abin da ke jikinta ta shiga.

Ta yi magana a gutsure, tana tsayawa tana nema, shi kuma bai katse ta ba. Ta ce kamar kana tsakiyar ɗaki da ka sani, a ɗauke wuta, kayan duk suna nan amma sai dai ka yi karo da su. Ta ce kalmomi suna tsaye a bayan gilashi, tana ganinsu, suna ganinta, hannu ba ya kaiwa. Ta ce in ta matsa, ba buɗewa yake yi ba, ƙara rufewa yake, kamar ƙofar da ake turawa alhali jan ta ya kamata a yi. Ta gaya masa ranar cokali. Ta ce abin da ya fi ciwon zafi shi ne ka dubi fuskar mutanen gidanka ka ga ana lissafin ƙaryarka.

"Ana lissafin ƙaryarka," ya maimaita a hankali, yana gyaɗa kai. Idonsa har ya yi ƙwalla. Wayarsa tana kife a kan filo kusa da ita, ba ta kula ba.

Ta fito tana dafa bango, amma zuciyarta wasai. Da yamma har ta ce wa Auta, "Yayanki ya gane."

"Ya gane me?"

Ta yi murmushi kawai.

Ranar Asabar abin ya sauko, irin wanda bai taɓa yi ba. Auta ta zo da makulli da safe ta tarar ko juyi ba ta iyawa, ta ja ta, ta girgiza ta, ta gaji ta bar ta a gadon da ƙofa buɗe, don a ga abin kunya. Haka ta kai Lahadi da yamma, lokacin da aka kunna rediyo a falo aka ƙure ƙara.

"Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum," in ji muryar. "Kun daɗe ba ku ji sabon abu daga gare ni ba. Yau zan buɗe muku cikina. Na yi jinya, irin jinyar da gwaji ba ya nunawa."

Ya ɗan yi shiru, irin shirun da ita ta koya masa, wanda takan sa wa alama da jan biro.

"Kamar kana tsakiyar ɗaki da ka sani, a ɗauke wuta. Kayan duk suna nan, amma sai dai ka yi karo da su."

Ta buɗe ido.

Bai bar komai ba. Gilashin yana nan, da ƙofar da ake turawa. Cokalin ne kawai ya mayar biro, don cokali bai dace da babban marubuci ba. Ya tsaya a tsakar ɗakin karatunsa, in ji shi, da biro a hannu, ya rasa sunansa. Daga nan ya sauke murya ya roƙi jama'a: idan akwai mai irin wannan ciwo a gidanku, kada ku ce lalaci ne. Ku sakar masa labule. Ku rage masa hayaniya. Kada ku bari ya dubi fuskarku ya ga ana lissafin ƙaryarsa.

A falo Hajiya tana sheshsheƙa. Auta ta taso da hawaye shaɓe-shaɓe ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin.

"Kin ji ko? Kin ji abin da bawan Allahn nan yake ciki, a gidan nan, bai taɓa buɗe baki ya yi ƙorafi ba? Wannan shi ne ciwo. Ke kuma kina nan shimfiɗe kamar tabarma. Wallahi ko kunya."

Ya dawo bayan magariba, waya na ta ƙara a aljihu. Shugaban gidan rediyo ya kira shi da kansa. Wata ƙungiya tana so ya zo ya yi lacca kan tausaya wa masu ciwon ɓoye. Ya ci abinci da kyau, ya karɓi addu'ar Hajiya, sannan ya shigo ɗakin ya zauna a bakin gado. Ya ciro wayar, ya danna, ya kife ta a kan filo kusa da kanta. Wannan karon ta gani.

"Malama," ya ce da murya mai taushi, "jama'a suna son kashi na biyu. Yau yaya kike ji? Faɗa mini a hankali, ina sauraro."

Abin mamaki, a daidai lokacin fitilar ta kawo. Jimla ta zo mata cikakkiya, daga farko har aya, mai kyau, irin wadda direbobi za su rage gudu dominta. Tun damina ba ta sami kamarta ba. Ta juya ta a baki, ta ji nauyinta, ta tabbatar tata ce.

Sai ta rufe baki, ta juya fuska ga bango.

Ya jira. Ya yi gyaran murya. Ya kira ta Malama ta sigar lallashi, ya kira ta ta ɗaya sigar. Wayar ta ci gaba da naɗar ƙarar fanka. Can ya miƙe ya leƙa falo.

"Hajiya, kin gani ko? Da gangan take yi."

Sun yi watanni suna faɗin haka a gidan. Yau ce rana ta farko da suka yi gaskiya, kuma ba wanda ya lura da bambancin.